Ranar da Na Ba Amarya Fatawar Taimama

Ba zan taɓa mantawa da ranar kamun ƙawata Rabi ba, ranar da na buɗe bakina a gidan liman na ba da fatawa, ni da ban yi wani nisa a Islamiyya ba. Bari dai in ɗauko muku zancen daga tushe, don ku san ba haka kawai na haukace ba.

Lokacin ina aiki a wani kamfanin biskit a Sharaɗa. Shekara huɗu ina tsaye gaban inji ina jera biskit a kwali, da hular leda a ka da takunkumi a baki, har ƙafafuna suka fara kumbura. Ni kuwa tun ina yarinya ba abin da nake so irin kwalliya. In na ga fuskar mace sai hannuna ya riƙa ƙaiƙayi. Na samu Yaya Sani, yayana direban tirela wanda ya zame mana uba tun rasuwar Baba, na ce masa ina so in bar kamfani in koyi kwalliya a makaranta.

Ya ce, "Auta, ki je ki duba makarantun ki zaɓi ɗaya. Sau ɗaya zan ɗauki nauyin nan, kin dai san halin da ake ciki. In kika zaɓa kika dawo kina min kuka, sai dai ki koma wa biskit ɗinki."

Na yi ta tambaya, na yi ta dube-dube a waya, daga ƙarshe makarantu biyu suka rage mini.

Ta farko tana Bompai, a bayan wasu manyan sito-sito, sai ka ratsa tsakanin tireloli kafin ka kai. Amma da ka tura ƙofar gilashin nan ka manta da ƙurar waje. Sanyin esi, madubai daga sama har ƙasa, kowace ɗaliba da kujerarta mai juyawa da fitilar nan mai zagaye. Sati uku ne karatun, a ba ki satifiket, har da rigar yaye ɗalibai da hula. (Na rantse hular nan ce ta fara tafiya da imanina. Har na hango hotona da ita a bangon ɗakinmu.)

Ta biyu kuwa a nan Sharaɗa take, layi uku daga gidanmu, wurin Hajiya Gambo mai lalle. Duk unguwa an san ta. Dattijuwa ce siririya, ta kai shekara sittin, ita ke gyaran amare tun iyayenmu suna 'yan mata: lalle, dilka, halawa, kwalliyar fuska, ɗaurin kallabi. Makarantar tata zaure ne aka faɗaɗa aka sa benci biyu da madubi ɗaya. Da na shiga na tarar da ɗaliba ɗaya tana wanke burushi a roba, wata tana shafa wa wata tsohuwa mai a fuska a hankali kamar ba ta da wurin zuwa.

Hajiya ta amsa gaisuwata, ta kama hannuwana ta jujjuya su tana dubawa. Ta ce, "Wata shida ne a nan, 'yata, kuma mutum huɗu nake ɗauka, ban ƙarawa. Saura gurbi ɗaya. Watan farko ba za ki taɓa hoda ba. Za ki koyi fata, ki koyi tsaftar kayan aiki, ki koyi zama da mace."

Ni kuma, da sanyin esin Bompai bai gama fita daga kaina ba, na taɓe baki na ce, "Hajiya, ni fa ba wanke-wanke na zo koya ba. A Bompai sati uku ne, har da satifiket."

Ɗalibai suka ɗago suka dube ni. Hajiya ko gezau. Ta yi murmushi ta ce, "To Allah ya ba da sa'a. Su ma sun iya aikinsu. Ki gaida mutan gida." Ta sa aka kawo mini ruwa na sha kafin in fita. Wallahi rashin fushin nan nata ya fi ba ni haushi, don na shirya musu ban samu abokin yi ba.

Makarantar Bompai tana da wata rana da take buɗe wa masu sha'awa su zo su ga yadda ake koyarwa, kyauta. Na je. Kuma in faɗi gaskiya, malamar ta san aikinta. Ta zaunar da wata ta yi mata kwalliyar amarya muna kallo, ta ce mana da bakinta, "Yau nuna muku kawai na yi, kada wadda ta je ta taɓa fuskar mutane." Kunnena ya ji, zuciyata ba ta ji ba. Na fito ina jin duk Kano babu mai zana gira kamata.

Yaya Sani ne bai gamsu ba. Ya ce, "Sati uku? Ni shekara nawa na yi ina karen mota kafin a ba ni sitiyari?"

Na ce, "Yaya, zamani ya canza. Kwana ɗaya kawai na yi a can, amma ka bari ka ga abin da zan yi wa Rabi ranar Asabar. In hoton ya burge ka, Litinin sai Bompai."

Ya ce ya yarda.

Rabi ƙawata ce, ita ke tsayawa kusa da ni a gaban inji. Irin mutanen nan ne da ko ka taka su sai su ba ka haƙuri. Gidansu yana Panshekara, kusa da kamfanonin fata na Challawa, mahaifinta liman ne, mahaifiyarta kuma, Umma, tana koyar da matan aure a Islamiyya. Hajiya Gambo ce ta yi mata dilka da lalle, kuma ita aka so ta yi kwalliyar ranar kamu. Ni na hure wa Rabi kunne. Na ce, "Ƙawata, a bar wa tsofaffi lalle, fuska tamu ce ta 'yan zamani."

Ta ce, "Kin tabbata za ki iya? Kin san dangin ango ne za su buɗe mini fuska."

Na ce, "Haba, ni ce fa."

Ta ce, "Shi ke nan, na yarda da ke."

Ranar Asabar da sha biyu na sauka daga adaidaita da akwatin kayan da na haɗo a kasuwar Sabon Gari, da fitila mai zagaye ta aro. Gida ya cika da mata, ana ta girke-girke. A tsakar gida na hango Hajiya Gambo zaune a tabarma cikin manyan mata, an gayyato ta wuni. Na kau da kai kamar ban gan ta ba, na shige ɗakin amarya na turo ƙofa. Na ce kada wanda ya dame mu, ana aiki.

Da sha biyu da rabi na fara. Na shafa wannan, na ɗora wancan, na bi da hoda, na sake ɗora wani. Girarta na bi da gam na kwantar da ita, na rufe ta gaba ɗaya, na zana sabuwa a sama. Duk abin da na sa irin wanda ruwa ba ya wankewa ne, don mai shagon ya ce ko kuka amarya ta yi ba zai motsa ba. (Wannan dai bai yi ƙarya ba, Allah ya saka masa.)

Ina cikin zanen gira ladan ya kira Azahar. Rabi ta motsa ta ce, "Ƙawata, bari in yi salla."

Na ce, "Kada ki motsa baki, hoda za ta tsage. Minti goma ya rage."

A kamfani in inji ya tashi ba ka barin wurinka sai an zo an karɓe ka, to haka na ɗauki fuskar Rabi. Sai dai a nan babu mai karɓa. Gira ɗaya ta fi ɗaya tsawo, na goge na sake. Gashin ido ya manne a karkace, na ɓanɓare na sake. Na ɗaura kallabi sau huɗu. Ita kuma baiwar Allah ta zauna shiru ido a rufe, har gyangyaɗi ta yi. Minti goman nan nawa bai ƙare ba sai wajen huɗu saura.

Na buɗe ƙofa na ce a shigo a gani. Mata suka cika ɗakin, wata ta rangaɗa guɗa. "Masha Allah!" "Kai, kamar ba Rabi ba!" (A lokacin yabo na ɗauke shi.) Kaina ya kumbura, na fara ba mutane lambar wayata. Umma ta shigo ta tsaya daga bakin ƙofa tana kallon 'yarta.

Sai ladan ya kira La'asar.

Rabi ta miƙe zumbur. "Innalillahi! Umma, ban yi Azahar ba! Kuma ba ni da alwala."

Umma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "To me kike jira? Tashi ki yi alwala."

Na dubi fuskar nan, aikin awa uku da 'yan kai, na tuna ko hoto ban ɗauka ba, na tuna Yaya Sani, na tuna hular nan. Dangin ango kuma sun ce da an idar da La'asar suna hanya. Da na yi shiru da an ce kuskure ne na yarinta. Amma ina! Shaiɗan ya riga ya hau mini harshe. Na gyara murya, a gaban mata sun fi ashirin, na ce:

"Umma, ku yi haƙuri... ko za ta yi taimama?"

Ta ƙofar da na bari a buɗe ana hango rijiya a tsakar gida, ga tanki cike da ruwa, ga butoci a jere sun fi goma. Wata tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! A gidan liman?"

Umma ta dube ni, ba da faɗa ba, irin kallon da take yi wa ɗalibarta da ta kasa hadda. Ta ce, "'Yar nan, ruwa ne ya ƙare a Panshekara, ko Rabi ce ba ta da lafiya?"

Sai wata daga baya ta ce, "Taimamar ma ai ba ƙeya ake shafawa ba, fuskar ce dai."

Aka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wallahi har yau in na tuna sai na ji zafi a kunnuwana.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Rabi ta ɗauki buta ta tsuguna a bakin ƙofa, ta zuba ruwa a fuska, ruwa ya zame kamar a kan leda. Umma ta ce alwala ba ta yi ba sai ruwa ya taɓa fata, a cire abin nan tukuna. Aka juyo ana kallona. Ni kuwa duk akwatina babu abin cirewa ko ɗaya, don ranar da na je Bompai sawa aka nuna mana, ban zauna na ga cirewa ba. Na rarumo sabulun wanki da tawul na hau durza. Baƙin ido ya gangaro kumatu, gam ɗin gira ya dunƙule ya yi fari-fari, gashin ido ɗaya ya ɓalle yana reto, fatar kumatunta ta fara ja. Sabulu ya shiga idonta tana hawaye, amma abin da take cewa kawai shi ne, "Ba komai ƙawata, ki yi a hankali." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ana haka aka leƙo aka ce motocin dangin ango sun shigo layi.

Na tsaya da tawul ina kallon fuskar da za a buɗe wa surukai, sai na ji an ce daga bayana, "Ku ba mu wuri, Allah ya yi muku albarka."

Hajiya Gambo ce. Ta ajiye mayafinta, mata suka fice ɗaya bayan ɗaya ba musu. Ta ce wa Umma, "Malama, a zaunar da baƙi a kai musu abinci. A ce wa ƙawayen amarya su ja cinikin kamu, kada su sallama da wuri, ai al'ada ce." Ta tura ƙofa. Na yi wuf zan bi sahun masu fita, ta ce, "Ke ina za ki? Riƙe mini wannan."

Daga 'yar jakarta ta ciro kwalbar man kwakwa da auduga. Ta zaunar da Rabi, ta shafa man a hankali, tana mata hira. "Lallen nan ya kama ki fa. Angon nan zai sha kallo." Har Rabi ta yi dariya cikin hawaye. Abin da na yi ta durza da ƙarfi ya ƙi fita, sai ga shi yana bin auduga salin alin. Ta sa aka miƙo ƙanƙara ta naɗe a tsumma ta danna mata a kumatu har jan ya lafa. Ban taɓa ganin hannu irin nata ba. Ba ta sauri, amma ko motsi ɗaya ba ta yi a banza. Ta ce, "Je ki yi alwalarki, ki yi sallarki a natse, kada ki yi gaggawa. Baƙi ba su fi Wanda za ki tsaya a gabansa ba."

Rabi ta tayar da salla. Ni ina rakuɓe a jikin bango ina jiran faɗa. Hajiya ta matso kusa da kunnena, yadda ba mai ji, ta ce, "Ke fa?"

Na ce, "Ni me, Hajiya?"

"Kin yi Azahar ɗin?"

Sai a lokacin na tuna. Mai fatawa ma ba ta yi salla ba. Duk gidan nan babu wanda ya lura sai ita, kuma ba ta faɗa wa kowa ba. Ta miƙo mini butar Rabi kawai.

Da muka idar, na ɗauka zan zauna in ga yadda ake yi. Sai ta ɗauki burushi ta sa mini a hannu. "Ke kika fara, ke za ki ƙarasa."

Na ce, "Hajiya, ku rufa mini asiri, ba zan iya ba."

Ta ce, "Za ki iya. Hannunki mai kyau ne, na gani tun ranar nan. Gaggawa ce ta yi miki yawa."

Ta tsaya a bayana tana magana ƙasa-ƙasa. "Kaɗan. Rage. A nan kumatu kada ki danna, ya sha wahala. Girar da Allah ya yi mata ta fi wadda kika zana, ki bi ta kawai." Duk tarin kayan akwatina abu biyar muka taɓa. Kallabin da na yi kokawa da shi sau huɗu, ta juya shi sau ɗaya ya zauna daram. Ko rabin awa ba mu yi ba. Da Rabi ta dubi madubi sai ta ce, "Lah, ni ce." Ta yi kyau ƙwarai, kuma kowa ya gan ta ya san Rabi ce.

Aka lulluɓe ta aka fita da ita. Ƙawaye sun ja ciniki har dangin ango sun fara ƙorafi. Da uwar ango ta fesa turare ta ɗaga mayafi, wuri ya ɗauki guɗa. Wata daga cikinsu ta tambaya wa ya yi kwalliya, na ji Hajiya da kunnena ta ce, "Ƙawarta ce, ga ta can." Na koma bayan tanki na yi kukana.

Washegari na nuna wa Yaya Sani hoton. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kai, Auta, ashe da gaske kike. To, gobe sai Bompai."

Da na yi shiru da an wuce wurin. Har na so in bar shi a haka, ba zan ɓoye muku ba. Sannan na ba shi labari tun daga minti goma har taimama. Ya yi dariya har ya sauko daga kujera yana buga ƙasa. Da ya natsu ya ce, "To yanzu ina kika zaɓa?"

Na ce, "Wurin Hajiya. In za ta karɓe ni."

Don ban manta abin da na faɗa mata a gaban ɗalibanta ba, kuma gurbi ɗaya ta ce ya rage, sati biyu da suka wuce. Ranar Litinin na yi tafiyar layi ukun nan kamar mai zuwa kotu. Na tarar da ita tana kwaɓa lalle. Na durƙusa har ƙasa na ce, "Hajiya, ku yafe mini rashin kunyar da na yi muku. In gurbin nan yana nan, ina so. In kuma an ba wata, ni na jawo wa kaina."

Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da juya lallenta. Ta ce, "Mutum biyu sun zo nema, na ce musu akwai mai shi."

Na ce, "To, na gode Hajiya," na yunƙura zan tashi, ido ya cika da ƙwalla.

Ta ce, "Ina kuma za ki? Ai ranar Asabar kika fara. Saura miki wata shida ba kwana ɗaya."

Yanzu shekarata uku da buɗe nawa shagon. Duk amaryar da ta zauna a kujerata, kafin in ɗauki komai sai na tambaye ta ta yi salla, tana da alwala, ta ci abinci. In ta ce a'a, ga buta can a bakin ƙofa. Na koyi cewa kafin ki ɗora abu a fuskar mutum ki fara sanin yadda ake cire shi, kuma in ladan ya kira babu wani minti goma. Fatawa kuwa, tun daga ranar nan na bar wa masu ita.